Iskar da Ba Ta Zuwa da Hadari

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi ne mai riƙe da matafiyi a tudu da kan ruwa. Kwanan baya jikokina suka kawo wata kalanda gida, a jikinta akwai hoton wani tsibiri na ƙasar Girka, fararen gidaje sun hau kan juna a gefen dutse, teku a ƙarƙashinsu. Suka ce yanzu can mutanen duniya ke tururuwa idan suna son hutu. Na ce musu na san wurin, na yi sallah a bakin ruwan nan. Suka yi dariya, domin a saninsu iyakar tafiyata Kano sai Makka. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda aka yi, in kuma ambaci wata mata da nake ganin ban taɓa gode mata yadda ya dace ba.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ina aikin duba fata a wurin wani mutumin Girka da ke sayen ƙirgi da fatar akuya a Bauchi. Mutanen gari Kwara suke ce masa, don a wurinsu duk farin da ya zo ciniki ba mulki ba, Kwara ne. Aikina in ɗaga fata a hasken rana in ga inda wuƙar mahauci ta yi zurfi, in shinshina ta in san ko a inuwa aka shanya ta ko a rana, sannan in rubuta darajarta da ajami a jikin ɗaurin. Ban yi boko ba, shi kuma bai iya karanta ajami ba, amma ya yarda da idona da hancina, Hausa kuwa yana jin ta kamar a nan aka yanke masa cibiya.

A bazarar shekarar da aka sami mulkin kai, ya faɗo daga bayan mota a hanyar Zungur, ƙashin cinyarsa ya karye. Matarsa da 'ya'yansa sun riga sun tafi ƙasarsu hutu. Da ya fara takawa da sanduna biyu sai ya matsu ya bi su, amma ba ya iya hawa matakala ko ɗaukar akwati. Ya kira ni ya ce, "Malam, ka kai ni gida. Ka ga teku, ka huta da warin fata, ka dawo. Ni sai kaka zan biyo ka."

Na ce sai na shawarci mahaifina.

Mahaifina malamin zaure ne a Ƙofar Ran, a lokacin idanunsa sun riga sun tafi. Kowace shekara, daga ranar ɗaya ga watan Mauludi har sha biyu, ana taruwa a zaurenmu bayan la'asar a karanta yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shi ke zama a kan buzu ya ja baki, jama'a na amsawa. A wannan shekarar ƙirjinsa ya yi rauni, ya riga ya sanar da mutane cewa ni zan zauna a buzun. Da maganar tafiya ta fito, baffana, ƙanin mahaifina, ya tashi tsaye a kanta. Ya ce a gaban dattawan unguwa, "Yaya, ƙasar da babu liman babu ladan za ka sake shi ya tafi? Su ba shi giya, su kai shi coci. Wanda zai ja mana yabo ke nan?"

Mahaifina ya ƙirga kwanaki da yatsunsa, ya ga akwai kusan arba'in kafin watan ya tsaya. Ya ce, "Zai tafi, don mara lafiya ne ya nemi hannunsa. Kuma ranar ɗaya ga wata za ku same shi a kan buzun nan kamar yadda ya bar ku. Ni na faɗa." Mahaifina mutum ne da bai taɓa cewa ni na faɗa ba sai abin ya tabbata. Tun daga ranar na san ba hutu kawai na ɗauko ba, maganarsa ce a wuyana.

A gidan maigidana, can gefen Bariki, akwai wata dattijuwa mai dafa abinci, Kirista ce daga duwatsun kudancin Bauchi. Ita ta reni 'ya'yan gidan, ta kuma bi su tsibirin sau biyu kafin gwiwoyinta su ƙi. Iya muke ce mata, ita kuma tana ce mini Malam ƙarami. Da ta ji ni ne zan tafi, ta aiko a kira ni. Na same ta a gindin mangwaro bayan kicin tana tsince shinkafa.

"Ka zo da alƙalaminka?" in ji ta.

Na ce yana gafaka.

"To zauna ka rubuta. Ba ni da lokacin maimaitawa, kai kuma kanka ya cika da karatu, babu wurin ajiye hankali."

Yamma uku na yi ina zuwa. Ba ta bi wani tsari ba, duk abin da ya faɗo mata shi take faɗa, ni kuma ina jerawa da tawada. Ta dubi takalmina na fata ta ce in bar su a gida, in sayi na taya a kasuwa, domin hanyoyin garin duk matakalar dutse ce da ƙafa ta goge har tana santsi. Ta ce babbar riga ɗaya ta isa, in kuma ɗaure ta a ƙugu idan ina bakin ruwa. Ta ce a jirgin ruwa in nemi tsakiya in zauna ƙasa, in ci busasshen burodi, kada in ci goro da yunwa. Ta ce daga azahar zuwa la'asar garin gaba ɗaya barci yake yi, kada in tsaya a ƙofar kowa ina doka sallama irin ta mutanen cikin gari. Ta ce kada in ɗaga wa mutum tafin hannu da yatsu biyar a ware da sunan gaisuwa daga nesa, su ma a wurinsu daƙuwa ce.

"Duk gidan da ka shiga za su kawo maka cokali ɗaya na wani abu mai zaƙi da kofin ruwa. Ka ci. Ban ce ka yi musu fulako ba. In ka ce ka ƙoshi, ka zagi uwar gidan."

Na tambaye ta nama. Ta ce in tsaya a kifi da wake da zaitun, ta kwatanta mini kamannin abincin da ake sa alade a ciki. Ta ce giya a teburinsu kamar ruwa take, in an zo zubawa in ɗora hannu a bakin kofina, ba sai na yi wa'azi ba. Na tambaye ta ruwan alwala, na sake tambaya washegari. Ta ce ruwan sha a can na sama ne da suke tarawa a rami, ana auna shi, kada in riƙa kwarara shi da buta kamar ina bakin rijiyarmu. Da na kai wa mahaifina wannan, ya ce ruwan teku mai tsarki ne, in yi alwala da shi ba tare da shakka ba.

A yamma ta uku ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni.

"Wannan ka rubuta shi da manyan baƙaƙe. Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, can nesa yake tsayawa, ƙananan kwale-kwale ke kai mutane. Akwai wata iska da ke tasowa a watan da za ka dawo. In ta taso, kwale-kwale ba ya fita, jirgi ya zo ya wuce. Kada ka jira jirgin ƙarshe. Ka bi na gabansa, ko na gaban na gabansa. Gara ka yi zaman banza a babban birni da ka yi shi a tsibiri."

"To, Iya."

"Ba to ba. Za su roƙe ka ka ƙara kwana. Roƙonsu ya fi na mutanen Bauchi. Ka toshe kunne."

Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na naɗe takardar na sa a gafaka tare da littafin yabo.

Muka tafi Kano a motar kamfani, daga can jirgin sama ya kai mu ƙasar Rum, wani ya kai mu birnin Atina, sannan muka shiga jirgin ruwa. Ba zan tsawaita a kan tsoron da na ji ba. Abin da zan ce shi ne duk inda na bi maganar Iya na ga amfaninta. A jirgin ruwa na zauna ƙasa a tsakiya da burodina, ina kallon wasu Turawa 'yan yawon shan iska da suka hau sama suna ɗaukar hoto, ba a jima ba suka sauko ɗaya bayan ɗaya sun yi fari fat, suna neman bokiti. Da muka isa, na goya maigida na sauka da shi cikin kwale-kwale, na kuma hau da shi matakala sama da ɗari, takalmin taya bai zame ko sau ɗaya ba. Wata Baturiya da ke gabanmu da takalmi mai tsini sai da ta cire shi ta taka da ƙafa.

Mahaifiyar maigida tsohuwa ce ƙarama, kullum cikin baƙaƙen kaya. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Ranar farko ta kawo cokalin zaƙi da ruwa, na ci na shanye, ta dafa kaina ta faɗi wata magana. Maigida ya ce cewa ta yi an yi mini tarbiyya. Ta ware mini tukunya da cokali nawa ni kaɗai, ba wanda ya ce mata ta yi. Da ta ga ina sauka teku da buta sau biyar, sai ta share wani lungu a saman soron ta shimfiɗa mini tabarma. Wani tsohon matuƙin jirgi maƙwabcinsu ya fito da taswira ya nuna mini inda Makka take, ashe a can alƙibla ba gabas sak ba ce, sai an karkata sosai wajen kudu. Ya ɗora dutse a kan katanga ya zama mini alama. Idan na tayar da sallah, tsohuwa takan kori jikokinta daga soron ta tsaya a matakala har in sallame.

Na huta kuwa. Da safe in taimaki maigida ya taka zuwa bakin ruwa, in zauna ina kallon masunta suna ɗinkin taru, ɗinkinsu bai bambanta da na masuntan Gongola ba. Da rana gari ya yi tsit, ni ma na koyi barcin. Da yamma in buɗe littafina ina bitar yabon da zan ja, tsohuwa na gefe tana ɓare wake tana kaɗa kai.

Jirgin ruwa sau biyu yake zuwa a mako. Jirgin saman da zai haɗa ni da na Kano kuwa sau ɗaya ne. Muka zauna da maigida muka lissafa, ya zama akwai jiragen ruwa biyu da za su iya kai ni a kan lokaci, ɗaya ranar Asabar, ɗaya ranar Laraba. Na ce na Asabar zan bi, kamar yadda aka gaya mini.

Ranar Juma'a ina ɗaure kaya tsohuwa ta shigo. Ta ga akwati, ta kama hannun rigata ta riƙe, tana magana tana nuna wani ƙaramin coci a kan dutse. Maigida ya ce ranar Litinin babban bikinsu ne na Nana Maryamu, duk dangi za su zo daga ƙauyuka, ta riga ta gaya musu akwai baƙon da ya goyo ɗanta tun daga Afirka, tana so su gan ni. Ya ce ba wanda zai ce in shiga cocin, cin abinci ne a fili. Ya ƙara da cewa, "Amma in ka ce tafiya, tafiya. Ni na san iskar nan."

A nan ne na yi kuskurena, kuma kashi biyu ne. Na farko, a gidanmu ba a koya mini yadda ake zare riga daga hannun tsohuwa ba. Matar da ta ciyar da ni wata guda, ta tsare mini sallata, ta roƙi kwana huɗu. Na kasa ce mata a'a. Na biyu kuwa, na fita na hau soro na dubi sama yadda kowane mutumin Bauchi ke dubawa kafin ya yi tafiya. Na dubi gabas, babu hadari, babu ko ɗigon gajimare. Tunda na zo ban ga girgije ba. A wurinmu iska ba ta tasowa haka kawai, sai gabas ta yi baƙi, sai an ji ƙamshin ƙasa, sai kaji sun shige akurki. Na ce a raina, sama irin wannan ko a wata guda ba za ta haɗa hadari ba. Na ɗauka Iya ta tsufa ne tana ƙara wa abu gishiri. Na kwance kayana.

Jirgin Asabar ya zo, teku a kwance kamar tabarma, ya tafi ina kallo. Aka yi biki ranar Litinin, aka gasa mini kifi dabam, tsofaffi suka riƙa zuwa suna girgiza mini hannu.

Da asubahin Talata na farka na ji ƙofofi na bugawa. Na hau soro da butata, iska ta fizge hulata ta wuce da ita. Da gari ya waye na ga sama shuɗiya tas, rana na haske kamar kullum, amma teku ta zama fara, tana dukan dutse tana watso ruwa har kan gidajen ƙasa. Ban taɓa ganin iska a ƙarƙashin sama mai haske irin wannan ba. Na tsaya ina neman hadarin da ya kawo ta, babu.

Ranar Laraba jirgi ya zo. Ya tsaya can nesa yana tashi yana faɗuwa, ya yi kuka sau uku. Masu kwale-kwale suna zaune a gindin katanga suna shan taba, ba wanda ya motsa. Na je wurin tsohon matuƙin nan da maigida, na roƙe shi. Ya ce a gaya mini yana da kwale-kwale ɗaya da rai ɗaya, ni kuma ina da uba, ya fi son uban ya gan ni a makare. Jirgi ya juya ya tafi.

Kwana shida iskar ta yi. Maigida ya je gidan waya don a buga wa Bauchi, aka karɓi saƙon aka ce zai tafi idan layi ya gyaru. Tsohuwa ta daina haɗa ido da ni, sai dai in tarar da abinci a lunguna an rufe. Na ce wa maigida ya gaya mata ba laifinta ba ne, takarda na aljihuna da layi biyu a ƙarƙashi. Da iska ta kwanta na bi jirgin farko, amma jirgin saman ya riga ya tashi, sai na mako mai zuwa. Wani ɗan'uwan maigida ya sauke ni a gidansa a Atina. A saman gidan nan na ga jinjirin watan Mauludi bayan magariba. Na san gobe bayan la'asar za a share zaurenmu, a shimfiɗa buzu, mutane su cika har waje, baffana ya zauna a inda ya saba zama. Na yi addu'ar ganin wata, ban iya cin abincin dare ba.

Abin da ya faru a Ƙofar Ran ban gan shi ba, maƙwabcinmu da ke amshi a sahun gaba ne ya ba ni labari daga baya, mahaifina kuma ya tabbatar. Ranar ɗaya ga wata aka taru, aka jira har rana ta yi sanyi. Mahaifina ya sa aka kai shi kan buzu ya ja baki da ka, muryarsa na yankewa. Rana ta biyu ma haka. Kafin rana ta uku magana ta cika unguwa, wasu na cewa na shiga addinin Nasara, wasu na cewa an aura mini Baturiya. Baffana bai ƙirƙiri ko ɗaya ba, Allah Ya jiƙansa, amma bai hana ba. Ya ce a zaure, "Yaya, ƙirjinka ba zai kai sha biyu ba. A ba wani buzun. Wanda aka yi wa alkawari ya zaɓi inda ya fi masa."

Masu dakon fata suka kai maganar can Bariki, har kunnen Iya. Rana ta uku, ana shirin farawa, sai ga wata dattijuwa da sanda ta tsaya a ƙofar zaure ta yi sallama. Da ƙafa ta tako daga gefen Bariki, da gwiwoyin nan nata. Ba ta shiga ba, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida mahaifina.

Baffana ya ce, "Baiwar Allah, ƙofar mata tana ta baya."

"Ba wurin mata na zo ba, Malam. Wurin uban yaron na zo. Ni ce mai dafa wa maigidansa abinci. Na je inda ya je, sau biyu."

Mahaifina ya ce a bar ta ta yi magana.

"Iska ce ta tsare shi," in ji ta. "Ba waya aka bugo mini ba, ba wasiƙa. Na ƙirga kwana ne, na san watan, na san garin."

Baffana ya ce, "Wace irin iska ce ke tsare namiji har a ga wata?"

"Irin wadda ba ta zuwa Zungur, Malam. In ka taɓa wuce can ka gaya mini."

Maƙwabcinmu ya ce dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya, don kowa ya san gonar baffana a Zungur ita ce tafiyarsa mafi nisa. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ji ana cewa ya shiga coci. Ni 'yar coci ce. Da ya shiga, ni zan fara sani, kuma da rawa zan zo in gaya muku, ba da sanda ba. Mutumin da ya zauna a gabana kwana uku, ban da ruwan alwala ba abin da ya tambaye ni sau biyu. Ku ce ba ya jin magana, wannan zan yarda, don na gaya masa ya fito da wuri. Amma kada ku ɗora masa abin da bai yi ba."

Mahaifina ya ce a miƙa mata tabarma da ruwa. Sannan ya tambaye ta, "Kwana nawa iskar take yi?"

"Ni ta riƙe ni tara."

"To," in ji mahaifina. "Na ce ranar ɗaya, Allah bai nufa ba, maganata ta faɗi a wannan. Amma buzun nasa ne. Zan riƙe masa kwana tara." Ya gyara zama ya ja baki. Iya ta zauna a waje a kan tabarma har aka shafa fatiha, sannan mahaifina ya sa aka nemo jaki aka mai da ita gida.

Ni kuwa na sauka Kano, na sami motar kaya mai zuwa Bauchi. Damina ce, muka kwana a bakin wani rafi da ya cika. Na shigo Ƙofar Ran ranar shida ga wata, la'asar ta wuce, tun daga bakin lungu nake jin amshi. Ban shiga gida ba. Na yi alwala a randar ƙofa, na cire takalman taya da laka ta rufe, na yi sallama a hankali. Mutane suka waiwayo, sahu ya buɗe. Mahaifina ya ji muryata, amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen baitin. Ya rame, wuyansa duk jijiya. Ya ja jiki ya sauka daga buzun, ya buga shi da tafin hannu sau biyu. Na zauna, na buɗe littafi, na ɗauka daga inda ya ajiye. A cikin masu amshi na ji muryar baffana, ta fi ta kowa ƙarfi.

Da aka watse, mahaifina ya riƙe hannuna ya shafa fuskata. Ya ce, "Laifin iska ne ko naka?"

Na ce, "Nawa ne, Baba. An gaya mini, na rubuta da hannuna."

"To ka je ka gaya wa wadda ta gaya maka. Ita ta tsaya maka a nan, ni zama kawai na yi."

Washegari da hantsi na tafi Bariki da ƙwaryar goro da kwalbar man zaitun da tsohuwa ta ba ni in kawo mata. Na same ta ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura, ta ɗaure su da tsumma. Na durƙusa na gaishe ta, na fara ba da haƙuri. Ta katse ni.

"Jirgin Asabar ne ko na Laraba?"

"Na Laraba na jira."

"Ka hau soro ka duba gabas."

"Na duba."

"Tsohuwa ta kama maka riga?"

Na ce ta kama.

Ta buɗe kwalbar man ta shinshina. Sannan ta ce, "Ni zanena ta kama. Kana tsammani a ina na samo kwana taran?" Ta rufe kwalbar ta ce in miƙo mata faifai, in kuma tashi in tafi, kada in makara a karatun yamma.

Wayar da maigida ya buga ta iso kantinsa na Bauchi bayan dawowata da kwana biyu. Na ja yabo har ranar sha biyu, na kuma ci gaba da ja a zauren shekaru masu yawa bayan mahaifina ya koma ga Allah. Iya ta koma garinsu a kudu bayan 'yan shekaru, can ta rasu. Allah Ya san abin da ta yi mana, Shi ne mafi sanin sakamakon kowa. Ya gafarta wa mahaifina da baffana, Ya sa mu cika da imani.